DUSAR HEDIMASTA

Shafi na 34

"Yaya, ina 'yata?"

Hedimasta bai ko ɗago ba. Waya ce manne a kunnensa, gumi na tsatstsafo masa duk da fankar da ke kaɗawa a saman kansa.

"Ki sake duba ɗakinsa," yake ce wa matarsa. "Ki leƙa maƙwabta. Yaro mun fito tare, ya za a ce ba ya cikin aji? Ɗanmu Zakara fa! Yaron da makarantar nan kaf ta jingina da makinsa!"

Ƙanwarsa, Malamar Lissafi, ta tura ƙofar ofis da ƙafa ta rufe, ta tako har gaban tebur, ta fizge wayar ta kife.

"Ke! Kanki ɗaya kuwa?"

"Na leƙa aji biyar. Kujerar Kurciya babu kowa. Ba ita kaɗai ba, layin baya duk wayam, kamar an bi da tsintsiya. Da hannuna na shigo da ita yau da safe. Ina take?"

Duk mai cin abinci da alli a gundumar ya san me yau take nufi. Sau ɗaya a shekara ofishin ilimi ke aiko jarrabawa iri ɗaya ga kowace firamaren gwamnati. A tara makin makaranta, a raba da yawan yaran da suka zauna, sannan a jera makarantun a allon ofis daga sama har ƙasa. Wadda ta zo sama, shugabanta sai hoto da ƙarin girma. Wadda ta zo ƙasa, a sauke nata ya koma riƙon alli. Bara ta biyu suka zo, a bayan makarantar Bakin Tasha, kuma shugabar can tsohuwar ɗalibar Hedimasta ce. A gaban mutane ta russuna ta ce masa, "Sannu da ƙoƙari, Malam. Baɗi sai a ƙara dagewa."

Tun daga ranar bai sake barci mai daɗi ba.

Shi ne ya ƙara ƙaimi a kan abin da yake kira tankaɗe. Masu ƙoƙari su ne gari, su za su zauna jarrabawa. Marasa ƙoƙari su ne dusa, a rubuta ba su zo ba. Bara gida ya kora dusar, iyaye suka gani suka yi ca. Bana kuwa ya rantse babu uwar da za ta ga ɗanta ya dawo da wuri.

"Zauna, ƙanwata," ya ce, ya sassauta murya. "Ke fa malama ce, lissafi ma kike koyarwa. Wake ɗaya ke ɓata gari. Yarinyar nan har yau juya haruffa take kamar mai kallo ta madubi. Sifili ɗaya tak ya isa ya ja mu ƙasa."

"Ka rantse mini ba za ka taɓa ta ba."

"To na taɓa ta? Ajiye ta na yi."

"Ajiye ta? Buhun siminti ce?"

"Ana karɓar takardu za a buɗe su, kowa ya tafi gida lafiya lau."

"A buɗe su?" Ta matso kusa da shi. "Rufe su ka yi? A ina?"

Ya kau da kai.

"Yaya, a ina?"

"Sito."

Sito. Ɗakin nan na can bayan azuzuwa, inda ake jibge karyayyun bencina. Babu taga, sai ƙofar ƙarfe da wani ɗan rami a gindin bangon baya. Kurciya kuwa ko fitila aka kashe a ɗaki sai ta ƙanƙame uwarta.

Malama ta buɗe baki za ta yi magana, sai idonta ya sauka a kan takardun tebur da iska ke ɗagawa. Ta ɗaga kai a hankali.

Fanka.

Rabon unguwar da wuta har an manta. Janareta Hedimasta ya aro don kada Sufeto, jami'ar da aka turo sa ido, ta ji zafi ta ɓata rai. Da safe da kunnenta ta ji yana ce wa Guduma maigadi ya kai injin nesa, kada ƙara ta dami masu rubutu.

"Ina Guduma ya ajiye janaretan?"

"Me ya haɗa wannan da..."

"Bayan sito ya kai shi! Na gan shi yana jan sa! Jikin ramin nan, Yaya! Hayaƙin ina yake shiga?"

Fuskar Hedimasta ta sauya, amma na ƙiftawar ido ne. Ya miƙe ya riga ta isa ƙofa, ya tokare da bayansa.

"Zan aika a matsar da shi. A hankali, ba tare da hayaniya ba. Sufeto na aji shida. Kika fita da wannan idon naki, kin kashe ni."

"Matsa."

"Ni na riƙe ki bayan rasuwar Baba. Ni na kai ki makaranta, ni na sama miki aikin nan."

"Na ce ka matsa!"

Tas!

Marin ya juya ta har ta bugi kabad. Kunnenta ya ɗauki ƙara, ta ji gishirin jini a bakinta. Tunda take da shi bai taɓa ɗaga mata hannu ba.

Wani abu ya gangaro daga saman kabad ɗin ya faɗo gefen ƙafarta. Kofin bara ne, na waɗanda suka zo na biyu, ɗan ƙarami mai gindin dutse, wanda ya ƙi jinin gani har ya tura shi can sama.

Ba ta san lokacin da ta ɗauka ba.

Ƙum!

Goshinsa ya dare. Ya dafe wurin, jini na bi ta tsakanin yatsunsa yana sauka a farar rigar da ya dinka don hoto. Ya sulale ƙasa.

"Ni? Ni kika..."

Ta tsallake shi ta fice.

Takalmi ɗaya ta bari a baranda. Yara na leƙowa ta tagogi, malamai na daka musu tsawa su maida kai kan takarda. Ita dai gudu take, ƙarar injin na ƙara matsowa.

Guduma na zaune a kan kujera gaban sito, ya miƙe ƙafafu, bulala a cinya. Ƙato ne, wuyansa kamar turmi.

"Malama, an hana zuwa nan."

"Buɗe!"

"Sai Oga ya ce."

"Ka buɗe, hayaƙi na shigar musu!"

"Wane hayaƙi? Lafiyarsu ƙalau. Ɗazu ne ma suka ishe ni da kuka da dukan ƙofa." Ya yi hamma. "Yanzu kam sun gaji, kin ji ko tari?"

Ta kasa kunne.

Shiru.

Ɗaki cike da yara, amma shiru kamar maƙabarta.

Ta faɗa kan ƙofar da duka hannu biyu. "Kurciya! Kurciya, Mama ce! Ki amsa mini!"

Guduma ya damƙo ta ta baya ya ɗaga ta sama kamar kaza. Ta lanƙwasa ta kafa haƙora a damtsensa, ta datse har ta ji nama ya motsa. Ya saki ƙara ya yi jifa da ita. Kafin ta tashi bulala ta sauka a gadon bayanta, ta sake sauka a wuyanta.

Ba ta ji zafin ba. Ta rarrafa ta kama katanga, ta tattaro duk muryar da Allah Ya ba ta. Shagon waldar mijinta, mai aiki da nasa janaretan, na tsallaken titi, daidai saitin katangar.

"Baban Kurciya! Baban Kurciyaaa! Jama'a ku kawo ɗauki, za a kashe yara!"

Ƙarar injin yankan ƙarfe ta tsaya cak.

Ba a banza ake kiransa Tartsatsi ba. Bai bi ta ƙofa ba, ta katanga ya diro, gilashin walda a goshi, guntun rodi a hannu. Ido ɗaya ya yi wa matarsa, ya ga shatar bulala a wuyanta da jini a leɓenta.

"Wa?"

"Bar ni! Injin! Kashe injin! Kurciya na ciki!"

Ya zagaya baya da gudu. Bai tsaya neman makunni ba, rodin ya sauke wa janaretan, ya sake saukewa, ya sa ƙafa ya hankaɗa shi ya kife. Injin ya yi kakari ya mutu. Jarkar fetur da ke gefe ta tuntsure, man ya malalo yana bin gindin bango, yana zagayowa har bakin ƙofa. Babu wanda ya kula.

Da ya dawo, Guduma ya riga ya tare ƙofar, ya ɗaga kujera sama.

"Maigida, aikina nake. Ka matso in fasa maka kai."

"Ba ni makulli."

"Zo ka ɗauka a aljihun ubanka."

Kujerar ta sauka a kafaɗar Tartsatsi ta tarwatse. Bai ja da baya ba. Ya sunkuya ya zabga wa Guduma rodin a ƙwauri. Ƙas! Ƙaton ya zube yana kiran uwarsa, amma da ya ga an nufo aljihunsa, sai ya zaro makullin ya wurga can saman rufin kwano.

"Sai ku hau ku ɗauko!"

Tartsatsi ya taka masa wuya. Malama ta riƙo hannunsa.

"Ƙofar! Ka bar shi, ƙofar!"

Ya juya ya dubi ƙofar. Shi ya ƙera ta. Bara surukinsa ya ce ɓarayi na kwashe bencina, a yi masa ƙofar da ko iska ba za ta ratsa ba. Ya kuwa zauna ya yi aikin tsakani da Allah, ko sisi bai karɓa ba, don kunyar yayan matarsa.

"Da hannuna," ya ce. "Da hannuna na yi wa 'yata kabari."

"Ba ta mutu ba! Fasa!"

Ya cusa rodin a hancin kwaɗo ya danna. Bai motsa ba. Ya koma wajen fatar da ƙofar ke juyawa a kanta, inda shi kaɗai ya san waldar ba ta kama sosai ba, ya ɗora duk nauyinsa. Zuwa lokacin ƙofar makaranta ta ɓalle. Mata masu sayar da kaya a bakin titi, yaran shago, masu babur, iyayen da ke maƙwabtaka, duk sun kwararo. Maza suka kama rodin tare da shi.

"Ku danna!"

Ƙofar ta yi kuka ta faɗo waje.

Wani ɗumi mai wari ya bugo su, har na gaba suka ja baya suna tari. Malama ta toshe hanci da gyale ta kutsa.

Ga su nan zube a bakin ƙofa, wani kan wani, inda suka taru suna duka har ƙarfinsu ya ƙare. Wani yaro da fensir a hannu. Ashe har da fensir suka zo.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un!"

"Ku miƙo su! Hannu da hannu!"

"Wayyo ɗana! Wannan nawa ne!"

A ƙasan wasu yara biyu ta hango jan ribbon ɗin da ta ɗaura wa Kurciya a kai da safe. Ta jawo ta. Jikin Kurciya ya saki kamar tsumma, kanta na lilo.

Ta fito da ita ta shimfiɗe ƙarƙashin bishiya. Sufeto ta iso da gudu, gilashinta a karkace, takardun jarrabawa na zubewa daga hammatarta.

"Me nake gani haka? Waɗannan ba su ne aka ce mini ba su zo ba?" Ba ta jira amsa ba. "Ku ba su iska! Ku kwance musu maɓalli! Kai mai babur, je ka taro motoci!"

"Saura akwai a ciki?" wani ya tambaya.

Tartsatsi ya koma ya haska fitilar waya. Tulin karyayyun bencina ne har rufi, sai ƙura.

"Babu kowa!"

Malama ta haɗa bakinta da na 'yarta tana hura mata iska. Ta danna ƙirji, ta sake hurawa.

"Tashi, uwata. Tashi ki juya haruffanki yadda kike so. Wallahi ba zan ƙara yi miki faɗa ba. Tashi mana."

Nan da can yara sun fara tari, wasu na amai, wasu ko motsi. Sai ga Hedimasta ya ɓullo ta kwanar aji, hankici a goshi, riga jina-jina. Da ma ya yi shiru. Amma wanda ya saba ba da umarni, bakinsa ba ya sanin ranar tsoro.

"Jama'a a yi haƙuri, kuskure ne. A rage hayaniya, sauran yara ba su gama takarda ba..."

Wata tsohuwa da jikanta ke kwance a cinyarta ta ɗago.

"Takarda ka ce?"

Takalminta ne ya fara samunsa a baki. Daga nan kuma ba a san na wa da na wa ba. Aka yi masa rubdugu. Ƙafar benci, dutse, bulalar Guduma, duk abin da hannu ya kai. Ya faɗi, aka ja shi a ƙasa ta ƙafa, yana kare kai yana ihu.

"Dusa ko? 'Ya'yan namu ne dusa?"

"Yau za ka ga tankaɗe!"

"Naka ɗan yana can ƙarƙashin fanka, namu a hayaƙi!"

"Ku kawo taya!"

Kalmar nan ta doki kunnen Malama. Ta ɗago ta hango wani matashi na gangaro da tsohuwar taya, wani kuma ya ɗauko jarkar yana girgiza sauran man da ke ciki. Ta hango yayanta, haƙorinsa ɗaya a ƙasa, idonsa na yawo cikin taron yana neman fuskar da ya sani. Ya same ta.

"Ƙanwata..."

Mutumin da ya rufe mata 'ya. Mutumin da ya goya ta a baya ranar da aka fita da gawar Baba. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.

Ba ta iya sakin Kurciya ba, sai murya ta ɗaga.

"Baban Kurciya! Kada ka bari! Don girman Allah kada ka bari su ƙona shi!"

Tartsatsi ya dube ta, idonsa jawur.

"Bayan abin da ya yi?"

"Uwarmu ɗaya. In aka kashe shi a gabana, da wane ido zan kalli Inna? Kuma kai za a fara kamawa. Ka bar shi wa hukuma!"

Ya tsaya yana huci. Sannan ya tofar da yawu, ya ratsa taron, ya raba ƙafa a kan surukinsa ya ɗaga rodi.

"Duk wanda ya ƙara taɓa shi, ni da shi ne! Ga Sufeto ta gani da idonta. Gidan yari zai ruɓe."

"To mu tafi haka nan?" in ji mai jarka. "Haka kawai?"

Taro in ya ɗauki zafi sai ya ga abin da ya cinye. Tartsatsi ya san haka. Ya waiga, ya nuna sito da rodin.

"Ga abin ƙonawa can. Ku ƙona ɗakin tsiya, kada a sake rufe ɗan kowa a ciki."

"A ƙona! A ƙona!"

Taron ya juya gaba ɗaya. Mai jarka ya watsa sauran man a kan bencinan bakin ƙofa. Malama ta sauke ajiyar zuciya. Ɗaki ne, ta ce a ranta, ɗaki ne kawai. Gara shi da rai.

Sai ta ji yatsu sun kama gyalenta.

Kurciya ta yi wani dogon tari, ta ja numfashi kamar mai fitowa daga rijiya. Idonta ya buɗe kaɗan.

"Mama..."

"Na'am, uwata! Alhamdulillahi! Ga ni, ga ni nan!"

"Kaina..."

"Zai daina. Yi shiru, kada ki yi magana."

"Yaya Zakara... ya fito?"

Malama ta yi murmushi cikin hawaye. "Ruɗewa kika yi. Me zai kawo Zakara cikinku? Shi da ke zuwa na ɗaya?"

"Ya ga ina kuka a layi... ya san ina tsoron duhu... sai ya saɗaɗo ya shiga cikinmu. Guduma bai gani ba."

Murmushin ya daskare. Muryar Hedimasta ta dawo mata, yana ce wa matarsa ta leƙa maƙwabta.

"Yana ina? Kurciya, dube ni! Yana ina?"

"Da hayaƙi ya yi yawa... ya cire rigarsa. Ya ce zai toshe ramin." Ta sake tari. "Ya kutsa ta ƙarƙashin bencina... can baya. Na yi ta kiransa... bai amsa ba."

Malama ta miƙe tsaye.

"Ku tsaya!"

Ihun taron ya haɗiye muryarta.

"Ku tsaya! Akwai yaro! Zakara na ciki!"

Mutum ɗaya ne ya ji ta. Hedimasta, da ke kwance cikin ƙura kusa da ita, ya ɗago fasasshen kansa.

"Wa... wa kika ce?"

Ba ta tsaya ba shi amsa ba. Ta faɗa cikin taron tana ture mutane, tana yaƙushi, tana kiran mijinta. Ta hango mai jarka ya ja baya. Ta hango ashana a hannun wani, ta ga ya ƙyasta.

"Kada ka..."

Tsinken ya riga ya bar hannunsa.

Fuuu!

Wutar ta bi man da ya malala a gindin bango kamar maciji, ta zagaye ɗakin, ta haɗe a bakin ƙofa ta miƙe sama. Taron ya ɗauki shewa.

Malama ta zube a gwiwa, zafin na dukan fuskarta. Wani abu ya wuce ta gefenta yana jan ciki a ƙasa, yana barin shatar jini. Yayanta ne, ya nufi wutar da rarrafe, bakinsa na motsi babu sauti.

Shewar ta fara mutuwa, ɗaya bayan ɗaya, har wurin ya yi tsit.

Daga can ƙuryar sito, bayan bencinan da suka fara ci, wani yaro ya yi tari.